Shekarar da Na Kai Iyayena Mata Kotu

Kwanakin baya a wajen sunan ɗan Zainabu na ji ɗaya daga cikin jikokin gidanmu tana ba 'yar uwarta labari, wai Hajiya Rabi ta taɓa tsayawa gaban alƙali ta ƙi yarda ita ta haife ni. Ban tanka ba don wurin biki ne, amma shinkafar da ke gabana ba ta ƙara yi mini daɗi ba. Abin ya faru, ina tsaye aka yi. Sai dai wanda ya tsinko muku wannan guntun ya bar sauran a baya, waɗanda suka san sauran kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Don haka ku zauna ku ji shi daga bakin mai shi, kada wata rana ku zagi kakarku a kan abin da ba ku sani ba.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma sunan kakana na wajen uba aka sa mini, Haruna. Ku 'yan yanzu da kuke cilla ɗan fari sama kuna cafewa a gaban surukai ba za ku gane nauyin wannan ba. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi, balle a ce sunan surukinta ne a kansa. Ana yaye ni aka miƙa ni ga yayar mahaifina, Goggo Hauwa, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Lungu ɗaya ne ya raba gidanta da na mahaifina a tsohon Zongo, unguwar Hausawa ta Lome, kafin a rushe shi a kwashe mutane zuwa bayan gari. Goggo ce ta yi mini wanka, ita ta zane ni in na yi laifi, ita ta yi dambe da duk uwar da ɗanta ya fasa mini baki, kuma da wainar da take toyawa ta sa ni makarantar boko a lokacin da maza suke cewa za ta mayar da ni kafiri. Mahaifiyata kuwa Yaya Rabi nake ce mata, yadda yaran unguwa suke faɗa. In na shiga gidan ta ga ni ne, nan take za ta tuna tana da aiki a madafa. In ta kama dole ta yi zancena sai ta ce “yaron Goggo”. Ƙannena tana kwala musu kira da sunayensu har a jiyo daga masallaci, ni kuwa ko “kai” sai da babban dalili. Haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari, amma ba zan ce abin bai taɓa sosa mini rai ba.

Shekarar da na gama sakandare na sami gurbin karatun haɗa magunguna a Dakar, gwamnati ce za ta ɗauki nauyi. Mahaifina ya rasu tun ina firamare, saboda haka murnar duk a kan Goggo ta sauka, ranar ta toya waina ta rabar kyauta har ta manta ba ta ajiye mana ta kalaci ba. Abin da ya rage fasfo ne, shi kuma ba a ba da shi sai da takardar shaidar ɗan ƙasa. Aka ce mini in ban isa Dakar ba kafin a buɗe makaranta bayan damina, wanda ke bina a jeri za a ba gurbin. Na tafi ofishin da takardar haihuwata ina taƙama, na zauna a ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa kamar kowa, har layi ya zo kaina. Ma'aikacin ya duba, ya sake dubawa, sannan ya turo mini ita da ɗan yatsa.

“Uba, haihuwar Katsina. Uwa, haihuwar Katsina. To kai ta wace ƙofa ka zama ɗan Togo?”

Ban taɓa karanta takardar nan da idon basira ba sai ranar. Lokacin da za a sa ni makaranta aka nemi takardar haihuwa, Goggo ce ta ja hannuna zuwa wurin masu yi. Aka tambayi sunan uba ta faɗa, aka ce wace ce uwar yaron ta ce ita ce. Ba ƙarya ta shirya ba, a wurinta da wurin duk Zongo amsar ke nan. Ita da mahaifina kuwa daga Katsina suka zo suna da ƙuruciya, ba wanda ya taɓa riƙe wata takarda ta can ko ta nan. Yaya Rabi ce haifaffiyar Lome, ubanta ma a Zongo aka binne cibiyarsa, uwarta kuma 'yar ƙabilar Kotokoli ce daga garin Sokode, nan cikin Togo. Wato wadda za ta iya buɗe mini ƙofa ita ce babu sunanta.

Wani malaminmu na sakandare ya tura ni wurin lauya, Metir Komlan, haka ake kiran lauyoyi a nan. Ofishinsa yana saman bene a bakin kasuwar Assigame, sai ka ratsa ta tsakanin masu atamfa kafin ka sami matakala. Mutumin Aneho ne, gajere, mai sanƙo, ba ya iya sauraron mutum sai yana ɓare gyaɗa. Na kwashe labari na gaya masa da Faransanci, ya karanta takardar ya tuntsire da dariya.

“Kai, a wannan takardar uwarka da ubanka ciki ɗaya suka fito. Ka gode wa Allah ma'aikacin bai lura ba.”

Da ya gama dariyarsa ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma har yau ina yi masa addu'ar alheri a kan yadda ya zaunar da ni kamar babban mutum. Ya ce ofishin fasfo ba shi da laifi, kuma kada in kuskura in bi masu cewa za su gyara mini ta bayan fage, don zamanin ba na wasa ba ne. Hanya ɗaya ce, a je kotu a gyara takardar. Mata biyun za su zo, ɗaya ta ce ba ita ta haife ni ba, ɗaya ta ce ita ce, ta faɗi sunana, a rubuta.

“Kafin shayi ya huce an gama,” in ji shi.

Na ce to. Na sauko daga benen nan jikina a sanyaye, don na san gidanmu, shi bai sani ba.

Goggo na fara samu, tana wanke kaskon waina. Na kewaya, na kewaya, har ta gaji.

“Kai, faɗi abin da ke bakinka. Wato in je in ce ban san ka ba?”

“A'a Goggo. Cewa kawai za ki yi ba ke kika haife ni ba.”

Ta ajiye kaskon ta share hannu da bakin zane.

“To da can wa ya ce ni na haife ka? Kowa ya sani. Amma tun da aka miƙo mini kai ba wanda ya taɓa faɗa a gabana. Yanzu ni za a sa in faɗa.”

Da la'asar ta yafa mayafi ta tsallaka lungu, don ni ba ni da fuskar da zan tunkari Yaya Rabi da irin wannan magana. Ta dawo ta ce an amsa, wai in dai don karatun yaronki ne za a je.

Abin da ban lissafa ba shi ne Zongo. A unguwarmu ba a barin mutum ya je asibiti ko kotu shi kaɗai, rashin mutunci ne. Mutane kuma ba su manta da 'yan uwanmu da aka koro daga Gana ba, waɗanda suka kwana a harabar masallaci da ƙullin kayansu, saboda haka duk maganar da ta shafi takardar ƙasa ta kowa ce. Ranar zaman kotu na fito na tarar da jama'a kamar za a kai amarya. Ga dangin mahaifina maza da manyan riguna, ga wakilin liman, ga tsofaffin mata da goro a bakin zane. Suka cika bencin kotun har wasu suka tsaya a baranda. Tafintan da aka kira kuma Malam Tanko ne, aminin mahaifina, wanda Yaya Rabi take durƙusawa ta gaisar.

Ita aka fara kira. Ta tsaya ta ja mayafi har ya rufe mata goshi. Alƙali ya nuna ni ya tambaya, Malam Tanko ya juya da Hausa.

“Rabi, ana tambayarki, wannan saurayin ɗanki ne?”

Ta kawar da kai wajen taga.

“Yaron Goggo ne.”

Metir Komlan ya miƙe ya roƙi a sake tambaya. Aka sake, aka ce to ta faɗi sunansa. Ta ƙara jan mayafi. Can ta ce, a hankali:

“Sunan babban mutum gare shi.”

A bayana na ji wata tsohuwa ta ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yar mutunci,” sauran suna gyaɗa kai. Su a ganinsu ta ci jarrabawa. Alƙali kuwa ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce ya gaji da baƙi masu hayar uwa a kasuwa don su sayi ƙasar mutane, kuma yana da wurin da yake aika irinsu. Da ya faɗi haka ya dubi jandarma, ɗan sandan da ke bakin ƙofa, a waɗancan shekarun kuwa wanda aka tafi da shi ba a tambayar ranar dawowarsa. Metir ya yi ta magana, ya sa sunansa da aikinsa a kan cewa ba damfara ba ce, da ƙyar alƙali ya yarda ya ɗage zaman. Ya ce in aka dawo aka maimaita masa wannan wasa, da ni da lauyan duka za mu yi bayani a wani wuri.

A kan matakalar kotu Metir ya tsare ni, sanƙonsa yana naso.

“Gaya mini gaskiya. Matar nan ita ta haife ka ko ba ita ba?”

Na yi masa bayanin ɗan fari da sunan suruki, ina yi ina jin kunyar yadda abin yake fita da Faransanci kamar tatsuniya. Ya share zufa.

“Kuma ka san da wannan ka bar ni na tsayar da ita a gaban dangin mijinta?”

Na ce na ɗauka kotu za ta fi ƙarfin al'ada. Ya ce shi ya daɗe a kotu, bai taɓa ganin ranar da ta fi ba.

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Na ga karatuna zai salwanta a kan kalma ɗaya da kowace uwa a duniya take faɗa ba tare da an roƙe ta ba. Na daina bi ta lungunsu. Goggo ta zuba mini ido kwana biyu, sannan ta tare ni ina alwala.

“Kumburin me kake yi? Da ta faɗa a gaban ƙannen ubanka da Malam Tanko, da wane ido za ta sake shiga Zongo? Kai Dakar za ka, ita nan za ta zauna.”

“To ni in zauna ke nan, Goggo?”

“Ban ce ba. Amma ka sani tun ranar ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Ƙanwarka ce ta gaya mini.”

Ana cikin haka Metir ya aiko a kira ni. Ya ce in kai shi inda take kasuwa, in nuna masa ita daga nesa. Yaya Rabi tana da tebur a Assigame, tana sayar da citta da kanwa da daddawa da sauran kayan yaji. Ni kaina ban taɓa tsayawa na kalle ta a can ba, don in na hango layinsu canza hanya nake yi. Muka laɓe a bayan wani mai tabarmi. Sai ga matar da na sani da sunkuyar da kai ta ɗaure ɗankwali a gaban goshi, tana ciniki da harshen Mina na mutanen Lome kamar a bakinta aka ƙera shi. Ta zolayi wata mai kifi har matan layin suka kwashe da dariya, ta kori wani ɗan dako da ya taka mata buhu, muryarta tana kaiwa ƙarshen rumfa.

“Wannan ce ta kasa magana a kotu?” in ji Metir. “Koma gida. Zan sayi citta.”

Ban san abin da suka tattauna ba. Washegari ya ce mini ya gane inda ya yi kuskure. Kunyar nan, Yaya Rabi da Hausa take yin ta, kuma a gaban mutanen Zongo. Ya rubuta wa alƙali roƙo cewa tunda magana ce ta cikin gida, doka ta yarda a saurare ta a ofishinsa ba a zauren kotu ba, kuma da Mina, wadda alƙalin yake ji, ba sai an kira tafinta ba. Sai da ya yi ta sintiri kafin a amince, ga damina tana ƙarewa, ga ofisoshi ana yawan rufe su a tafi raye-rayen jam'iyya. Yaya Rabi kuma ta kafa sharaɗi ɗaya, wai yaron ba zai kasance a ɗakin ba lokacin da za ta yi magana. Na ji zafin sharaɗin nan, amma na ce na yarda.

Ranar da aka sa, Goggo ta gaya wa maƙwabta za su asibitin Tokoin duba mara lafiya, ta kuma ƙi faɗin ko wane ne don kada a ce za a raka su. Mu huɗu muka shiga har da Metir, muka tarar da alƙali da magatakardansa. Goggo aka fara tambaya. Minarta ta 'yan waina ce, gutsi-gutsi, amma ta isa. Ta miƙe tsaye ba a ce ta miƙe ba, ta ce ba ita ta haife ni ba, ƙaninta ne ya ba ta ni. Magatakarda ya ɗora rula a kan tsohuwar takardar ya ja layi. Goggo ba ta karatun boko, amma ta bi hannunsa da ido, sannan ta juyo gare ni ta yi magana da Hausa.

“Nan ne sunana yake?”

Na ce nan ne.

“To,” in ji ta. Ta gyara mayafi ta nufi ƙofa.

Ban taɓa jin na tsani karatu ba sai a wannan lokacin. Na bi ta muka zauna a benci a baranda, aka rufe ƙofa da Yaya Rabi a ciki. Goggo ta ɓare goro ta miƙo mini rabi, abin da ba ta taɓa yi ba, don ta ce goro ba na yara ba ne. Muka daɗe a zaune, har na fara tsoron an sake komawa gidan jiya. Da ƙofar ta buɗe Yaya Rabi ta fito idanunta jawur, ta wuce ni kamar ba ta ga kowa ba, ta ce wa Goggo su tafi, ta bar wa mutane kayanta a kasuwa. Metir ya biyo baya ya ɗaga mini babban yatsa.

Takardar ƙasa ta fito, fasfo ya biyo ta, na isa Dakar an riga an fara darasi amma ba a ba da gurbina ba. Abin da na ci da ku, da wanda kuka yi karatu da shi, duk daga wannan tafiyar ya fito. Goggo ba ta sake ta da zancen kotu ba, ta haɗa mini yaji da ƙuli-ƙuli ta raka ni har tasha tana yi mini faɗa a kan sallah. Ina shekara ta biyu a can ta rasu, labari bai same ni ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Duk takardar da na cike a rayuwata, in na zo wurin sunan uwa sai hannuna ya tsaya kafin in rubuta. Hajiya Rabi kuwa ta yi tsawon rai, wasunku sun yi wasa a cinyarta, kuma har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba.

Ana gobe zan tashi zuwa Dakar na hau benen Metir in yi masa sallama. Yana ɓare gyaɗarsa, ya yi mini nasiha a kan in riƙa sabunta takarduna kafin su mutu, in kuma je in yi rajista a ofishin jakadancinmu da na sauka. Na miƙe har na kai ƙofa, sannan na kasa daurewa.

“Metir, me ta ce a ciki?”

Ya ce ba a fitar da maganar ofishin alƙali. Na tsaya ban tafi ba. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa.

“Tambaya biyu aka yi mata. Ta ce ita ta haife ka. Aka ce sunansa, ta ce Haruna. Alƙali ya ce ya isa, magatakarda ya rufe littafi, amma ba ta tashi ba. Ta sake cewa Haruna. Ta sake. Ba wanda ya iya tsayar da ita, shi kansa alƙalin taga ya koma kallo. Na farkon na kotu ne, shi muka rubuta. Sauran ban san na wane ne ba.”

Ina zaune a bayan ƙofar nan a lokacin, katako ne kawai tsakanina da ita, kuma ban ji komai ba.